Likkafanin da na Saya a Ingila

A garinmu Kurfi ba a gaya wa mutum zai mutu. Ba don ba a sani ba, sai don muna da hanyar da ta fi faɗa da baki. Idan ciwonka ƙarami ne, tsawa za a daka maka: "Tashi dalla, lalaci ne!" Idan kuwa ya kai inda ya kai, sai ka ga an shimfiɗa maka sabuwar tabarma, an dama maka kunu har da zuma, kowa ya shigo ya sassauta murya ya ce, "Ba komai, da sauƙi." Hatimin ƙarshe shi ne malamin asibiti ya ce a wuce da kai babban asibiti. A ƙuruciyata duk wanda na san an wuce da shi, a zaune ya tafi, a kwance ya dawo. Ba laifin asibitin ba ne. Mu ne ba ma kai mutum sai ya riga ya sa ƙafa ɗaya a lahira.

Wannan ilimin na ɗauka na tafi da shi Ingila, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, lokacin da aka zaɓi malamai mata biyu daga Dutsin-Ma su je kwas na shekara guda a kan koyar da ƙananan yara. Ɗaya ni ce, Saude, 'yar manoma, matar malamin gona, uwar 'ya'ya biyu da na bar wa mahaifiyata a Kurfi. Ɗayar kuwa Yaya Kulu ce, 'yar fataken hatsi ta Dutsin-Ma, wadda ta girme ni da shekaru kuma ta fi ni wayo nesa ba kusa ba. Tun tana yarinya take riƙe kwanon awo a ƙofar gidansu, saboda haka ko mutum ta kalla sai ka ga kamar tana duba ko akwai tsakuwa a cikinsa.

An sauke mu a wani ƙaramin gari na arewacin ƙasar, a gidan wata gwauruwar Baturiya da muka sa wa suna Gwaggo. Mace ce mai kirki, sai dai ta yi imani cewa duk abin da aka tafasa a ruwa har ya daina gardama ya zama abinci. Kabeji, dankali, kifi, nama, duk hukuncinsu ɗaya. Da ba don wani gwangwani da Inna ta cusa mini a ƙasan akwati ba, da yunwa ta kashe ni tun kafin a zo maganar asibiti. A cikinsa akwai daddawa da kuka da yaji. Ranar Lahadi, in Gwaggo ta tafi coci, sai mu buɗe tagogi mu kaɗa miya. Ta daɗe tana ɗaga darduma tana neman ɓeran da ta tabbata ya mutu a gidan.

Dukiyata ta biyu kwat ce, ruwan ƙasa, mai nauyi kamar bargon doki. Gwaggo ce ta raka ni na saye ta a shagon gwanjo. Yaya Kulu ta ƙi jin shawara, ta sayi wata shara-shara saboda maɓallanta suna ƙyalli. Tun daga ranar take yi wa tawa irin kallon da kura ke yi wa akuyar maƙwabta.

Muna cikin zango na farko sai nas ɗin kwalejinmu ta tara matan aure, ta ce an fito da wani sabon gwaji. Ana ɗan lakato wani abu daga bakin mahaifa, a duba shi a madubin likita, don a kama ciwon daji tun bai yi jijiya ba. Ba zan bayyana yadda ake yin sa ba. Matan da suka yi sun sani, mazan da ke karanta wannan kuma su gode wa Allah.

Yaya Kulu ta ce, "'Ya'ya biyar na haifa, ba wanda ya leƙa ni. Sai yanzu da girmana?"

Na ce mata rigakafi ya fi magani, da irin muryar da nake faɗa wa 'yan aji biyu su yanke farce. Ni na ja ta muka je. Ta fito tana tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro ƙarfe.

Bayan 'yan makonni aka ce nata lafiya lau. Ni kuwa aka ce nas tana son ganina.

Ina shiga ta miƙe tsaye. Ta janyo mini kujera mai laushi, ba bencin da aka saba ba. Ta ɗora buta a wuta, ta haɗa mini shayi, ta zuba sukari ba ta tambaye ni ba, ta ajiye biskit a gefe. Sannan ta kama hannuna, ta sassauta murya.

"Kada ki damu ko kaɗan," in ji ta. "An ga wani ɗan abu da ba a gane ba, shi ya sa za mu tura ki babban asibiti a birni, ƙwararriyar likita ta sake dubawa. Galibi ba komai ba ne."

Na kalli kujerar, na kalli shayin, na kalli hannunta a kan nawa. Tabarma, kunu, ba komai, babban asibiti. Ko ɗaya ba ta tsallake ba. Na ce a raina, ashe Turawa ma sun san ladabi.

Ba mutuwar ce ta fi tsorata ni ba, domin tun muna allo aka gaya mana tana tafe. Wurin ne. Ni da aka binne cibiyata a Kurfi, a ce a rufe ni a ƙasar da ban ga rana ta fito da niyya ba ko sau ɗaya? Wa zai yi mini wanka? Wa zai nuna wa 'ya'yana ya ce ga uwarku nan?

Da na koma gida na gaya wa Yaya Kulu. Ta zauna daɓas a bakin gado ta yi salati.

"Shayin, ita ta haɗa miki da hannunta?"

"Da hannunta, Yaya."

"Har da biskit?"

"Har da biskit."

Ta ce, "Inna lillahi." Ta fashe da kuka na gaskiya, har tana jan majina. Domin ita ma 'yar gida ce, tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ba a buƙatar tafinta.

Na zauna rubuta wa maigidana. Amma ta yaya 'yar mutunci za ta rubuta wa miji sunan wurin da ciwon yake, a takardar da na san ƙaninsa ma zai iya buɗewa? Sai na cika shafi da labarin ruwan sama, kamar cikakkiyar Baturiya.

Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, Asabar na zagayowa muka fita duba maƙabarta. Ana yayyafi. Kaburburan sun yi layi da duwatsu a tsaye, wasu da gumakan yara masu fukafukai. Na tsaya ina lissafin inda alƙibla take, ba rana balle inuwa. Yaya Kulu ta maƙale a bakin ƙofa ta ƙi shigowa. Ta dangwali ƙasar da ɗan yatsa, ta murza, irin yadda ubanta ke gwada gero.

"Saude, ƙasar nan ko gyaɗa aka binne ruɓewa za ta yi."

"Na gode, Yaya. Kin kwantar mini da hankali."

"Kuma in gaya miki tun da wuri, ni ban taɓa wankan gawa ba. Ko kaza ta mutu a gidanmu, ɗaki nake shiga."

"To wa zai yi mini? Gwaggo?"

"Wagga? Tafasa ki za ta yi."

Daga nan muka wuce shagon yadi neman alawayyo, farin yadin likkafani. Mai shagon, wani dogo da ma'auni rataye a wuya, ya tambayi faɗin tagar da za a sa wa labulen. Yaya Kulu ta ce in tsaya cak, ta shiga auna ni da kamu daga kai har ƙafa, tana ƙirgawa da Hausa, tana ƙara na lulluɓi da na ɗauri. Mutumin ya kalle ni, ya kalle ta, ya yanka. Ta nemi ragi, ya nuna bai san zancen ba. Ta fito tana cewa mutanen da ba sa yi wa mamaci ragi ba za su ga da kyau ba.

Saura neman gafara da rabon kaya. Na sami Gwaggo a kicin, na durƙusa har ƙasa, na ce duk abin da na yi mata, wanda na sani da wanda ban sani ba, ta yafe mini.

Ta ajiye cokali ta ce, "Wane farantin kika fasa?"

Da ƙyar na fahimtar da ita, ina nuna wurin ciwon da hannu, hannun kuma kunya ta sa yana yawo tsakanin ƙirji da gwiwa. Da ta gane sai ta rungume ni. "Haba 'yata, ba komai ba ne," in ji ta. Ta juya ta ɗora buta a wuta.

Shaida ta biyu ke nan. Na miƙa mata faifaina mai launi da zanen saƙina, na ce ta riƙa tunawa da ni.

Sauran kayan na kai wa Yaya Kulu. Ta ce Allah shi kiyaye, ba za ta karɓa ba, in daina yi wa kaina mugun fata. Tana faɗa tana kuka, hannunta kuma ya riga ya rungume gwangwanin daddawa. Na miƙa mata kwat. Ta ce wallahi ba ta iyawa, ta zura hannu ɗaya. Ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba, ta zura na biyu. Ta je gaban madubi, hawaye na zuba, ta juya baya ta duba kafaɗa.

"Kamar don ni aka ɗinka," in ji ta cikin shessheka. "Allah shi jiƙan... Allah shi ba ki lafiya."

Ranar tafiya babban asibitin ta faɗo daidai da ranar da malamai za su zo ganin koyarwarta, saboda haka ni kaɗai zan tafi. Gari ya waye da sanyin da ke shiga haƙori. Ta raka ni tasha, ta tuɓe kwat ɗin ta yafa mini.

"Na ara miki. Ki kula da ita, kada ki zauna a wuri mai maiƙo."

A cikin jirgin ƙasa na zauna da wasu mutane da kowa ya ɓoye fuska a bayan jarida. A motar Kurfi, kafin a kai Dutsin-Ma an san sunan kakarka da abin da ke damun akuyarka. Nan kuwa ga mace za ta mutu a gabansu, ba mai cewa sannu. Na jingina da taga ina kallon tumaki a cikin hazo. Na tuna yadda ɗana Abdu yake kama gefen zanena in zan fita, da Hajara da na bari tana koyon tafiya, wadda in na mutu a nan ko kamannina ba za ta riƙe ba. A nan dariya ta ƙare mini. Na ja mayafi na rufe fuska, na yi kukana a hankali, yadda ba zan dami masu jarida ba.

A birni na faɗa hannun wani direban tasi mai fara'a. Tun daga fara'ar ya kamata in gane. Ya yi ta zagaye da ni yana ba ni tarihin gine-gine. Akwai gunkin wani mutum a kan doki da muka yi ta wucewa ta gabansa, har na fara jin nauyin rashin gaishe shi. A ƙarshe ya sauke ni a wata ƙofa, ya karɓi abin da ya karɓa, ya yi gaba. Na shiga na tarar kowa da auduga a ido. Asibitin ido ne. Nawa yana can wata unguwa, lokacin da aka ba ni kuma ya riga ya wuce.

Na fito na tsaya a bakin titi cikin ruwa, da alawayyo a jaka, don na taho da shi ko za a buƙace shi a ranar. Sai na ji an ce, "Assalamu alaikum." Wata tsohuwa ce, ga alama mutuniyar Pakistan, da wando da mayafi da kwandon cefane. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu. Na nuna mata sunan asibitin, ta nuna wa wani mai wucewa, ya yi mata kwatance da hannu. Ta kama wuyan hannuna kamar 'yar da ta haifa, ta sa ni ƙarƙashin laimarta, muka yi ta ratsa lunguna. Duk hirarmu ba ta wuce Alhamdu lillahi da Insha Allahu ba, amma ban taɓa hirar da ta cika haka ba. A ƙofar asibiti ta tura mini lemo ɗaya a aljihun kwat ɗin Yaya Kulu, ta juya. Na bi ta da kallo ina cewa a raina, to, aƙalla akwai mai wanka a ƙasar nan.

Likitar wata gajeruwar tsohuwa ce, da tabarau rataye da zare, da murya irin ta mai raba faɗa a kasuwa. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Kin makara. Kina tsammani ke kaɗai ce mai mahaifa a ƙasar nan? Tuɓe, hau gado."

Na tsaya ina dube-dube. Ba kujera mai laushi. Ba buta.

Na ce, "Likita, ba za a ba ni shayi ba?"

Ta zare tabarau ta dube ni sama da ƙasa. "Nan asibiti ne. Hau, na ce!"

Na hau. Ta yi dube-dubenta tana mita a kan mutanen da ba sa sakin jiki. Da ta gama ta wanke hannu, ta ce wani ɗan miki ne a bakin mahaifa, irin wanda haihuwa kan bar wa mata da yawa, shi ya rikita gwajin farko. Ta ce ta sake ɗauka don a tabbatar, ga magani, in sha yadda aka rubuta, kuma duk sanda aka kira ni in zo, a kan lokaci.

Na ce, "To... kamar yaushe zan mutu?"

"Ban sani ba. Amma ba a kan gadon nan ba, akwai masu jira. Sauka!"

Tun da na bar gida ba wanda ya yi mini magana mai daɗin wannan. Na sauko ina dariya, hawaye na zuba, na shiga sa mata albarka da Hausa, ita da iyayenta da malaman da suka koyar da ita. Ta buɗe ƙofa da kanta ta nuna mini hanya, tana kiran ta gaba. A jirgin dawowa na ɓare lemona na shanye, har na miƙa wa wani mai jarida ɓari. Ya firgita kamar na nuna masa wuƙa.

Sakamakon ya biyo baya da 'yan makonni. Nas ɗinmu ta hango ni a baranda tana sauri, ta wurgo mini shi ta kafaɗa: lafiya lau ne. Ko tsayawa ba ta yi ba. Na ji kamar in bi ta in rungume.

Amma tun ranar da na dawo daga birni na gane cewa rayuwa ma tana da nata wahalar. Yaya Kulu ta tarye ni a tasha, ta ji labari, ta rangaɗa guɗa har mai duba tikiti ya leƙo. Ta rungume ni, ta yi hamdala, sannan ta fara kwance maɓallan kwat ɗin daga jikina.

"Yaya, ai ban mutu ba."

"Alhamdu lillahi. Amma kin bayar. Ke malama ce, kin san abin da aka kwatanta mai karɓe kyauta da shi, kada ki sa in faɗa a bainar jama'a."

"Sanyi fa zai kashe ni."

"In ya kashe ki, ai kayan aiki na nan a jaka."

Haka na ci hunturun Ingila. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma nawa ya rufe, tunda da ma daidai ni aka saya. Muka yi yarjejeniya: duk wadda makarantar da take gwajin koyarwa ta fi nisa a ranar, ita ke sa kwat, ɗayar ta sa mai ƙyalli ta yi ta karatun Ƙulhuwallahu. Ranar Lahadi kuwa Yaya Kulu takan gayyace ni cin miyar kuka, ta zuba mini da hannunta, ta ce in saki jiki kamar a gidanmu. Faifaina Gwaggo ta rataye shi a bango kusa da hoton mijinta, duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin ranar da na yi mata sujada saboda faranti.

Da kwas ya ƙare muka dawo. Na kwana biyu a Dutsin-Ma, ranar kasuwa na shiga mota zuwa Kurfi. Abdu ya rugo ya ƙanƙame ni. Hajara ta ɓoye a bayan turmi tana leƙen baƙuwa.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun da na zo duniya ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa nuna ta yi kewata a gaban mutane ba. Ta amsa gaisuwata tana kallon kaji. Da maƙwabta suka watse ta jawo akwatina tana fitar da tsaraba, ɗankwali, sabulu, madubi. Can ƙasa ta ci karo da alawayyo.

Ta warware shi. Inna ta yi wa matan unguwarmu wankan gawa ba iyaka, hannunta ya san abin da ya taɓa. Ta ɗora shi a gwiwar hannu ta fara aunawa da kamu, a hankali, har ta kai ƙarshe. Ta ɗago ta dube ni daga kai zuwa ƙafa.

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Na ce a raina yanzu za ta fito da sabuwar tabarma. Sai ga ta da almakashi. Ta kafa shi a tsakiyar yadin ta ja ƙyaaat, ta wurga wa Abdu rabi ta ce a kai wa tela ya yi masa riga da wando, sauran na Hajara ne.

Sannan ta juyo kaina, idanunta jajur.

"Ke kuma kin zauna kin miƙe ƙafa kamar matar Joji! Ingilar ce ta ce kada ki yi daka? Tashi dalla, ga gero can. Malalaciya kawai!"

Na tashi na ɗauki taɓarya.